Hannuwan Auta

Da hantsi aka bugo waya ofishin 'yan sanda daga cibiyar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Agogon hannu ya ɓata.

"Agogo kuma, Yallabai?" Saja ta tambaya tana gyara hularta. "Duk aikin da ke gabanmu, sai agogo?"

"Ba agogon ba ne abin ji," Insifeta ya ce. "Yarinyar da ake zargi tana kan ɗaurin je-ka-gyara-halinka. In ya tabbata ita ce, gobe alƙali zai tura ta gidan yari. Ɗauko makullin mota."

Insifeta mutum ne mai sanyin magana. Tun da ya bar shan sigari ba ya rabuwa da tsinken sakace a baki, Saja kuwa ba ta gajiya da tsokanarsa a kai.

A bakin ƙofar cibiyar mutum biyu suka tarbe su. Farfesa, shugaban wurin, dattijo mai furfura da kwat da ta yi masa yawa. Kusa da shi Likita, matashiya, idanunta sun yi ja.

"Agogon wa ne?" Insifeta ya tambaya.

"Na marigayiya matata," Farfesa ya ce. "Da son raina ne da ban kira ku ba. Amma kotu ta ɗora mana sharaɗi, duk abin da ya ɓata a ranar da yarinyar nan take nan, dole mu sanar."

"Me ya kai agogon matarka gaban mai ɗauke-ɗauke?"

Likita ce ta amsa. "Magani ne. Zo ka gani."

Ta kai su wani ƙaramin ɗaki. Tebur ɗaya, kujera ɗaya, bango guda kuma madubi ne tun daga sama har ƙasa. Ta bayyana musu cewa a bayan madubin akwai wani ɗaki mai duhu, wanda ke cikinsa yana ganin komai, shi ba a ganinsa.

"Yarinyar, Auta, tana da ciwon ɗauke-ɗauke," ta ce. "Ba yunwa ba ce, ba kwaɗayi ba. Wani abu ne ke taso mata a ƙirji, ba ya kwanciya sai ta ɗauka. To mukan zaunar da ita a nan, mu ajiye abu a gabanta, ta ji abin ya taso, ta jure har ya sauka da kansa. Da murfin biro muka fara. Ni kuma ina bayan madubi ina kallo."

"Yau ma kina kallo?"

"A'a. Yau ne zama na ƙarshe. A zama na ƙarshe babu mai kallo, kuma ta san babu. In ba haka ba, ai tsoron ido ne ya riƙe ta, ba ita ta riƙe kanta ba. Ni da Farfesa muna ofis a ƙarshen baranda."

Insifeta ya juya tsinkensa. "Farfesa, kai ka yarda za ta iya?"

Dattijon ya yi ajiyar zuciya. "Ban yarda ba. Ba maganar ƙaddara nake ba, wannan fagen malamai ne. Ni abin da na karanta, na kuma gani a aiki, shi ne mutum ɗan gadonsa ne da rainonsa da ginin ƙwaƙwalwarsa. Kafin ka ce ka zaɓi abu, an riga an gama shawara a can ciki, kai dai ana sanar da kai ne. Shi ya sa ba na ganin laifin yarinyar. Mai tari ba a ɗaure shi."

"Shi ya sa kuma ba ka taɓa sa ran za ta warke ba," Likita ta ce da zafi. "Tausayinka ya rufe mata ƙofa, Farfesa. Tsakanin abin ya taso da hannu ya miƙe akwai ɗan fili. Ƙarami ne, amma nata ne."

"To me ya sa ka ba da agogon?" Insifeta ya katse su.

Farfesa ya sunkuyar da kai. "Ina so a ƙaryata ni. Na tsufa da wannan ra'ayin, kuma ba shi da daɗin zama."

Saja ta raɗa wa Insifeta, "Yallabai, ashe ba kai ka bar sigari ba, sanar da kai aka yi."

"Rufe min baki ki duba ɗakin."

Ta duba ƙarƙashin tebur, ta duba bayan ƙofa. Babu komai.

An ajiye Auta a ɗakin gwaji. Siririya ce, shekarunta ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Ta haɗe gwiwoyi, kanta babu mayafi sai ɗankwali. Insifeta bai gama zama ba ta yi magana.

"Ni ce. Ku tafi da ni kawai."

"Sannu dai. Ina agogon?"

"Ban sani ba."

"Saja ta caje ki, ba ya jikinki. Ina kika kai shi?"

"Ban tuna ba."

"Kin tuna lokacin da kika ɗauka?"

Ta girgiza kai, hawaye na zuba. "Abin da na tuna shi ne na zauna, na ji abin ya zo mini kamar zai fasa ƙirjina, na jure, ya tafi. Na tashi na fita da gudu ina murna. Amma ga shi agogo ya ɓata. In abu ya ɓata a inda nake, ni ce, Yallabai. Tun ina ƙarama haka ne."

"Abin da ya kai ki kotu fa? Kin tuna shi?"

"Kwalbar turare ce a wani kanti. Na tuna komai. Launinta, sanyinta a tafin hannuna, daɗin da na ji, da kunyar da ta biyo baya."

"Yau kin ji daɗin nan?"

Ta ɗan yi tunani. "A'a."

"Mu ga hannuwanki."

Ta buɗe su a hankali. A kowane tafi akwai sawun farata, sun nutse har sun fasa fata. Insifeta ya daɗe yana kallonsu. Ya sha ganin hannun ɓarayi a rayuwarsa, amma bai taɓa ganin hannun da ya yi faɗa da kansa haka ba.

"Akwai abin da aka taɓa cewa kin ɗauka, ke kuma ba ki tuna ba?"

"Na farkon. Ina firamare. Ɗan kunnen maƙwabciyarmu aka samu a jakar makarantata. Na rantse, na yi kuka, ba wanda ya yarda. Daga nan aka sa mini suna a layi. Da na girma sai na ga ashe gaskiyarsu ce."

A farfajiya wani gajeren saurayi yana ta kai da komo, da jakar kayan gyaran wuta a kafaɗa. Shi ne wanda zai auri Auta, kuma duk da gajartarsa Dogo ake kiransa. Yana hango kaki ya taho da sauri ya miƙa hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, ni na sace. Sa min ankwa."

Saja ta yi tsaki. "Yau mun shigo gari. Kowa ɓarawo."

"Ina agogon?" Insifeta ya tambaya.

"Na jefa shi a kwata."

"Wane iri ne?"

"Na ƙarfe. Mai batir. Mai walƙiya haka."

"Farfesa ya ce igiyarsa ta fata ce, kuma ba shi da batir, da hannu ake murɗa shi. Malam Dogo, ƙarya ma sana'a ce, kai ba ka iya ta ba. Ka tsaya a gyaran wuta."

Dogo ya sauke hannuwansa, muryarsa ta karye. "Yallabai, 'yan uwana kaf sun ce in rabu da ita. Sun ce abin a jini yake, 'ya'yana ma haka za su fito. Ni kuma na ce ita nake so, ko da cokali ɗaya ba zai kwana a gidana ba. In aka ɗaure ta ba za ta fito daidai ba. Ni na san ta."

"To taimake ta da gaskiya. Me ka gani?"

"Ina tsaye a nan ta fito da gudu, ko mayafi babu. Ta buɗe mini hannuwa tana cewa, kalli, kalli, babu komai! Tana dariya tana kuka. Wallahi ban taɓa ganinta da kyau haka ba."

"Da mayafi ta shiga ɗakin?"

"Da shi. Ruwan toka. Ni na saya mata."

Insifeta ya kalli Saja. "Kin ga mayafi a ɗakin?"

"Ko zare ban gani ba, Yallabai."

A ɗakin jira Sista, ma'aikaciyar jinya, ce ke kan tebur, mace mai jiki da yawan magana. Ta ce lokacin da Auta ta fito, ita ta tashi ta tafi ofis ta kira likitocin, suka ɗan tsaya suna taya juna murna kafin Farfesa ya je ɗauko agogonsa.

"Kenan an bar barandar ba kowa," Insifeta ya ce. "Kafin yau an taɓa rasa wani abu a nan?"

Sista ta fara gyara takardun da ba su buƙatar gyara. "A'a."

"Sista."

"To, 'yan ƙananan abubuwa ne. Cokalin shayina. Ƙaramin almakashi. Ban faɗa wa Likita ba don kada a kai yarinyar kotu a kan shirme. Ni ma uwa ce."

"Duk a ranakun da take zuwa?"

"Duk. Har ƙararrawar teburina."

"Wace ƙararrawa?"

"'Yar ƙarama, ta dannawa. In Auta ta shiga na rufe ƙofa, sai in danna don Likita ta san an fara. Rannan na danna, na je na ɗebo ruwa, na dawo babu ita. Da baki na sanar an tashi."

Insifeta ya cire tsinken daga bakinsa. "Kin danna ta bayan yarinyar ta shiga. Ta ɓata kafin ta fito. A tsakani kuma Likita na kallonta ta madubi."

Sista ta buɗe baki, ta kasa rufewa. "Innalillahi. Ni ban taɓa lissafa haka ba."

"Wa ke zama a nan yana jiranta?"

Sista ta ɗago kai. Idanunta ne suka tafi can kusurwa.

A can wata dattijuwa ke zaune, tsaf da ita, da tabarau da jakar hannu a gefe. Mahaifiyar Auta ce. Ba ta taɓa fashin rako 'yarta ba. A kan cinyarta akwai mayafi ruwan toka, an ninke shi da kyau.

Insifeta ya rusuna ya gaishe ta. "Mama, sannu da wannan tashin hankali."

"Yauwa, ɗana. Allah dai ya shirya mana."

"Kin shiga ɗakin nan yau?"

"Ni? Me zai kai ni? Tun da muka zo ban tashi daga kujerar nan ba."

Ya kalli mayafin. Saja ta matso kusa da shi ta yi ƙasa da murya. "In caje jakar, Yallabai?"

"Dakata."

"Aikin minti ɗaya ne."

"Na sani. In kika ciro shi, mun sami ɓarauniya, yarinyar kuma ta rasa uwa. Bari mu ga ko za a samu duka biyun. Ki kai Auta ɗakin madubi, ki zauna da ita kamar za ki ɗauki bayaninta. Kada ki bari ta sa hannu a kowace takarda."

Sannan ya juya ga dattijuwar. "Mama, zo in nuna miki wani abu."

Ya kai ta ɗakin nan mai duhu, ya ja mata kujera, ya rufe ƙofa. Ta cikin gilashin suna ganin Auta zaune a haske, kafaɗunta sun zube, Saja na gabanta da biro. Muryarsu na shigowa ta wata ƙaramar lasifika.

"Rubuta ni ce," Auta ke cewa. "Ki kuma faɗa wa Dogo ya je ya nemi mace ta gari. Ki ba Mama haƙuri, na sake ba ta kunya. Duk wahalar da ta sha a kaina."

Dattijuwar ta dafe baki.

"Mama," Insifeta ya ce a hankali, "mayafin da ke hannunki a ɗakin can aka bar shi. Ba zan ɓoye miki ba, na san abin da na sani, kuma ina da ikon in sa a buɗe jakarki. In na yi haka 'yarki za ta tsira daga gidan yari. Amma har ta mutu za ta riƙa tunawa cewa ɗan sanda ne ya cece ta, uwarta na zaune tana kallo. Ni zan fita in tsaya a baranda. Ba zan daɗe ba."

Ya fita ya jingina da bango. Farfesa da Likita suna tsaye nesa kaɗan, sun fahimci abin da ake ciki.

"Ba za ta faɗa ba," Farfesa ya ce da baƙin ciki. "Shekara da shekaru tana ɓoyewa. Ɓoyon ya zama ƙashin bayanta."

Likita ta kafe ƙofar da ido, leɓɓanta na motsi. Insifeta ya laluba aljihunsa inda kwalin sigari ke zama a da, ya tarar da tsinke. Lokaci ya ja har ya fara tunanin ya yi kuskure.

Sai ƙofar ta buɗe.

Dattijuwar ba ta kalli kowa ba. Ta wuce su, ta tura ƙofar ɗakin madubi, ta tsaya a gaban tebur. Ta zuge jakar, ta ciro agogo mai igiyar fata, ta ajiye shi a gaban 'yarta.

"Ba ke ba ce, Auta. Ni ce."

Auta ta ɗago. "Mama, ki daina. Saja ta ce Dogo ma ya gwada wannan."

"Ki saurare ni. Na shigo ɗauko miki mayafi. Na gan shi a nan, yadda kika bar shi, ko matsar da shi ba ki yi ba. Na yi murna, wallahi na yi murna. Sai abin ya taso mini." Ta dafe ƙirji. "A nan. Kin san shi. Tun kafin a haife ki yake tare da ni. Cokalin Sista, da almakashi, da ƙararrawa, suna gida a ƙasan akwatina."

Auta ta kafe uwarta da ido kamar yau ta fara ganinta.

"Ɗan kunnen nan," ta ce da ƙyar. "Na firamare."

Dattijuwar ta durƙushe a ƙasa. "Ni na ɗauka. Da aka fara bincike na tsorata, na tura shi a jakarki. Na ce yarinya ce, za a yi faɗa a manta. Ba a manta ba. Ina ji suna kiranki da sunan nan, ina kallo har kika fara ɗauka da gaske. Kullum sai in ce gobe zan faɗa. Na ba ki jinina, na ƙara miki da laifina."

Auta ba ta yi ihu ba. Ta buɗe tafin hannuwanta a kan tebur tana kallonsu, hawaye na ɗiga a kan sawun faratan.

"Kenan yau na bar shi," ta ce. "Da gaske na bar shi."

"Kin bar shi," Likita ta ce daga bakin ƙofa, ita ma tana kuka ba kunya. "Ba mai kallo, kuma kin bar shi."

Farfesa ya shigo ya ɗauki agogon, ya kara a kunne, ya share ido da bayan hannu.

"Gado ne dai, Likita," ya ce. "Kin gani da idonki. Ga jini, ga raino."

"Na gani. Jini ɗaya, tebur ɗaya, agogo ɗaya. Ɗaya ta bari."

"Saboda horon da kika yi mata ya sauya ƙwaƙwalwarta."

"Wa ya riƙa kawo ƙafarta nan kullum, in ba ita da kanta ba? Wa kuma ya buɗe ƙofar can yanzu, bayan ka ce ba za ta buɗu ba?"

Dattijon ya yi ɗan murmushi. "Wannan kam ban hango shi ba. Zan yi tunani a kai, kuma ban taɓa jin daɗin kuskure irin na yau ba."

"Ku ƙarasa musun a ofis," Insifeta ya ce. "Ni aikina ya tsaya a kan wa ya ɗauka. Mama, dole mu je ki ba da bayani. An riga an shigar da ƙara."

"Zan biyo ku," Farfesa ya ce. "Agogona ne, kuma zan faɗa wa duk wanda ya kamata cewa magani take buƙata. Likita, akwai gurbi?"

"Akwai. Da murfin biro za mu fara."

Saja ta taimaka wa dattijuwar ta miƙe. Ta taɓa ankwar da ke ƙugunta, ta kalli Insifeta, ya girgiza kai. Suka fito farfajiya a hankali. Dogo na ganin fuskar Auta ya gane, ya zauna daɓas a kan jakar kayan aikinsa yana dariya yana share hanci.

An sa dattijuwar a bayan mota. Ta takure a jikin ƙofa, kanta a ƙasa. Saja na shirin rufewa Auta ta riƙe murfin.

"Yallabai, zan iya raka ta?"

"Ba dole ba ne. Ke kin gama da mu."

"Na sani."

Uwar ta ɗago jajayen idanu. "Auta, bayan duk abin da na yi miki? Ba ki tsane ni ba?"

"Ina jin haushinki, Mama. Sosai. Ban san ranar da zai wuce ba." Ta goge fuska da gefen ɗankwalinta. "Matsa in zauna."